Kunun 'Yar Fari

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, kuma duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da hakan ke nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. In za ta yi maganata sai ta ce "waccan", da aka yi mini aure a Rano kuma na koma "ta Rano". Ba ta zama tabarma ɗaya da ni, ba ta haɗa ido da ni, ba ta kuma taɓa kai loma bakinta ina wurin ba. In na shiga gidanmu na Tarai na tarar tana cin tuwo, sai ta ja faifai ta rufe kwanon, ta wanke hannu, ta ce ai dama ta ƙoshi. Kunyar ɗan fari ce, kusan kowace uwa tana yi. Amma ta Inna ta fi ta kowa, don a ruga aka haife ta, kafin iyayenta su kafa gida su kama noma. Da aka cire ni daga nono aka kai ni yaye wurin kakata a Fammar, ba a kuwa dawo da ni ba sai da za a sa ni a lalle.

Auta kuwa wata duniya ce daban. Ita ce ta ƙarshe a cikinmu, kuma ba ta san wani abu wai shi kunya ba tsakaninta da Inna. Kwano ɗaya suke ci. Da aurenta da 'ya'yanta, in ta zo daga Unguwar Gai sai ta haye gadon Inna ta miƙe ƙafa, ta ce a sosa mata kai. Ni kuma ina bakin ƙofa a durƙushe, ina gaisuwa irin ta baƙo, ana amsa mini ana kallon ƙasa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, girki ne sana'ata. A Rano in ana biki ko suna ni ake aika wa: waina, funkaso, alkaki, kunun gyaɗa na masu jego. Mutanen da ban san su ba sun ci abincina sun aiko da godiya. Uwar da ta haife ni ce kaɗai ban taɓa ganin yadda fuskarta take yi in ta ɗanɗana abin da na dafa ba. Ita kuwa Auta, Allah na gani, ko ruwan zafi ta ɗora sai an tuna mata ta sauke.

Ciwon a mama ya fito wa Inna, na dama, ta kuma ɓoye shi tsawon lokaci kamar yadda matan zamaninsu suka saba. Auta ce ta fara gani, don ita ke cuɗa mata baya wurin wanka. Ni sai a bakin ƙanena na ji, wanda muke kira Malam Ƙarami tunda ya gaji makarantar allon mahaifinmu bayan rasuwarsa. Kafin a yarda a nufi asibiti an sha sassaƙe, an sha rubutu, an yi turare. Wani mai magani daga bayan Kibiya ya duba ya ce daji ne, shi kuma daji maiƙo yake ci ya girma. Ya hana ta nono da man shanu, ya hana ta ƙwai da nama da kifi, har gyaɗa ya hana. Matar da ta tashi da ƙwaryar nono a gabanta aka mayar da ita kan tsinkakken koko da tuwo da miyar kuka ba mai. Ciwon bai fasa girma ba, ita ce dai ta yi ta ƙarewa.

Daga ƙarshe muka kai ta birni. A shekarun nan ne da Shari'a ke sabuwa, aka hana mata hawa acaɓa, don haka daga tasha muka shiga adaidaita mu huɗu har da Malam Ƙarami a matse, Inna ta jingina da Auta, ni kuma na rungume jakar kaya. Likita ya tabbatar daji ne. Suka sa mata maganin a ƙarin ruwa, suka ce a riƙa dawowa ana ƙarawa lokaci-lokaci har ya cika. Wannan na farkon ya buge ta ƙwarai. Gashinta ya zube, bakinta ya yi miki, ɗan kokon da take sha ma ya gagara.

Da muka koma na biyu, aka ɗora ta kan sikeli, aka ɗebi jininta, sai likita ya girgiza kai.

"Mama, maganin nan ƙarfi gare shi," in ji shi. "Sai ya samu jikin da zai tsaya a kai. In muka ƙara miki a haka, shi zai kayar da ke tun kafin ciwon. Ku koma gida ta ci abinci, ku dawo bayan kaka. In jiki ya dawo mu ci gaba. In bai dawo ba, gaskiya ba abin da za mu iya."

Ya tura mu wani ɗaki wurin wata ma'aikaciya da aikinta kenan, abincin marasa lafiya. 'Yar gajeruwa ce mai saurin magana. Ta zagaya damtsen Inna da wani ɗan tef, ta tambayi abin da take ci. Da Malam Ƙarami ya lissafa mata abubuwan da aka hana, sai ta ajiye biro ta dube shi.

"Shi wanda ya hana ta nonon, yana sha ko ba ya sha?"

Ta ce duk abin da aka hana, shi ne maganin yanzu. Kada a jira sai ta ce tana jin yunwa, don ba za ta ce ba. A riƙa ba ta kaɗan-kaɗan daga safe har dare, ko da cokali nawa ne. Kunu ya yi kauri, kada a cika mata ciki da ruwa. A sa gyaɗa da waken suya a garin, a tafasa madara a zuba, a kaɗa ƙwai a ciki yana kan wuta, a ɗiga man shanu. Banda tsami da yaji saboda bakin. A bari abinci ya huce, don tururinsa na tayar musu da zuciya, a kuma riƙa kurkure mata baki da ruwan ɗumi da gishiri kafin ta ci. Duk wannan bayanin Auta tana gefe tana share hawaye da bakin mayafi, ko kalma ɗaya ba ta riƙe ba.

"Wace ce mai girkin a cikinku?" in ji matar.

"Ni ce," na ce.

Ba zan ɓoye ba, a cikin wannan tashin hankali na ji wani daɗi ya ratsa ni. A raina na ce yau ga ranata ta zo. An zo wurin da sosa kai da shagwaɓa ba za su yi amfani ba, sai wanda ya iya riƙe muciya.

Na nemi izinin maigidana, na sallami masu biki, na tare a Tarai. Na soya gyaɗa da waken suya sama-sama, na ɓarza, na sheƙe ɓawon, na haɗa da gero na kai inji. Na yi magana da wata Bafulatana maƙwabciyarmu ta riƙa kawo madarar safe tun da ɗuminta. Na jiƙa dabino na dama shi maimakon sukari. Kunun da na yi ranar farko, ni kaina da na ɗanɗana sai da na ce madalla. Na zuba a ɗan kwanon sha, na fifita ya huce, na ɗaga asabari na shiga da sallama.

Inna tana kwance. Hannunta na dama ya kumbura tun daga kafaɗa saboda ciwon, ba ya ɗaguwa, na hagun kuma rawa yake yi. Ko zama ba ta iyawa sai an tallafe ta. Na durƙusa gabanta da cokali.

"Inna, ga kunu."

Ta juya fuska ga bango. "A ajiye."

"An ce kada ya daɗe a ajiye."

"A ajiye dai. Sannu da aiki."

Na ajiye na fita. Na koma bayan ɗan lokaci na tarar ya yi yana a sama, ko taɓa shi ba a yi ba. Ina tsaye da kwanon a tsakar gida sai ga Auta ta fito daga wanka, da tsohon cikinta, tana tafe tana hamma. Ta karɓe shi daga hannuna kamar dama ita aka dama wa, ta shige. Na tsaya jikin bango ina ji. Na ji ƙarar cokali a kwano, na ji shiru, na sake jin ƙarar cokali. Sannan na ji muryar Inna a hankali.

"Auta, Allah ya yi miki albarka. Rabona da abu mai daɗi haka na manta."

Na koma murhu na zauna. Ban yi kuka ba, amma na karya itacen da bai kamata a karya ba, na cusa su duka a wuta.

Haka aka raba aikin ba tare da kowa ya faɗa ba. Ni ce tashin asuba, ni ce surfe, ni ce hayaƙi. Kunu da safe, faten wake mai laushi da hantsi, fura da kindirmo da rana, alala da ƙwai da la'asar, romon hanta da na murje ta cikin rariya da yamma. Auta kuwa nata ta miƙo hannu ta karɓa. Matan unguwa in sun zo dubiya ita suke tararwa zaune gaban Inna da cokali, su yi ta zuba mata addu'a: "Auta, Allah ya ba ki masu yi miki." In za su fita su hango ni ta cikin hayaƙi, su ce, "A'a, ta Rano, ashe kina nan? Sannu da zuwa." Ni da na kwana biyu a gidan har 'yan kajin sun saba da ni.

Wata rana na laɓe na leƙa ta tsakanin karan asabari, ba don komai ba sai in ga fuskar Inna tana cin abincina, sau ɗaya dai a rayuwata. Bayan Auta kawai na gani, ya cika wurin, ya tare komai.

Abin da ke ƙara tunzura ni shi ne saƙon da take fitowa da shi. Ta zo ta tsaya kaina tana lashe cokalin.

"Yaya, Inna ta ce gobe a ƙara dabino."

"Ta ce wa wa?"

"Ta ce mini."

"To ki ƙara mana, tunda ke aka ce wa."

"Haba Yaya," ta ce tana dariya, "ni ina na san ta inda ake farawa?"

Da ta ga ban yi dariyar ba, sai ta zauna kan turmi. Auta ba muguwa ba ce, wannan kam zan shaide ta. Ba ta dai taɓa rasa abin ba ne, shi ya sa ba ta san akwai shi ba. Can ta ce, "Yaya, ko in gaya mata ke kike damawa?"

"Ke kina tsammanin ba ta sani ba? Ita ta haife ki. Ta fi kowa sanin ba ki iya dama ko koko ba."

Na san Inna ta sani. Na san kunya ce, na san ba ƙiyayya ba ce, an gaya mini haka tun ina yarinya, kakata ta gaya mini, gwaggonnina sun gaya mini. Har cewa suke yi ɗan fari ya fi kowa a zuciyar uwa, shi ya sa ake ɓoyewa. Ni dai wannan bayanin bai taɓa sanyaya mini rai ba. Wanda aka fi so yana waje yana shan hayaƙi, wanda ba a fi so ba yana ciki ana sa masa albarka.

Duk da haka jikin Inna ya fara amsawa. Amai ya ragu, bakin ya fara warkewa. Muna cikin haka watan Auta ya tsaya, mijinta ya zo da mota ya tafi da ita Unguwar Gai, ba a jima ba aka aiko ta sauka lafiya, an sami namiji. Mai jego kuwa ba ta fita sai ta yi arba'in, komawarmu asibiti kuma kafin nan ne.

Na ɗauka yanzu kam dole ta sa. Ashe ban gama sanin uwata ba. Na shiga da kwano, ta juya ga bango. Malam Ƙarami ya gwada, tana karɓa a hannunsa, amma shi da ta ce "ya isa" sai ya ce to, ya ajiye, ya koma wurin ɗalibansa. Maƙwabta sun gwada. Lokacin cirar gyaɗa ne, kowa yana gona, wadda ta daure ta zo kuma Inna sai ta kurɓi cokali biyu ta ce alhamdu lillahi, a koma bakin aiki, kada a yi asarar yini saboda ita. Kunun da na sha wuya a kansa sai a juye wa awaki. A kwanakin nan awakin gidanmu ne suka yi ƙiba.

Ina ganin abin da muka tara yana zagwanyewa. Idanunta suka sake faɗawa. In na tuna maganar likita, na kuma tuna dalilin ƙin cin nata, sai raina ya ɓaci. Wato Inna ta gwammace a ce ba za a ƙara mata magani ba da ta buɗe baki a gabana. Na yi fushi da ita, na yi fushi da Auta da ta tashi haihuwa yanzu, har jaririn da bai san komai ba na ji haushinsa.

Wata safiya da hantsi na ajiye mata kunu kusa da gado kamar yadda na saba, na fito. Ina tankaɗe sai na ji faɗuwar kwano da wani tari mai sarƙewa. Na shiga da gudu. Ashe yunwa ta ci ƙarfinta ta yunƙura ita kaɗai, ta miƙa hannun hagu, kwanon ya kuɓuce, ita kuma ta zame daga kan matashi, kanta na rataye a bakin gado. Ban tsaya sallama ba. Na hau gadon ta bayanta na ɗago ta. Na gyara matasan, ta sake zamewa. Sai kawai na jingina da bango, na buɗe ƙafafuna, na kwantar da bayanta a ƙirjina yadda ake zaunar da yaro.

Tunda na yi wayo jikina bai taɓa haɗuwa da nata ba sai ranar. Ba ta da nauyi ko kaɗan, ina jin ƙasusuwan bayanta ɗaya bayan ɗaya. Na ji ta sandare, numfashinta ma ta riƙe. Akwai sauran kunu a samira kusa da gadon. Na miƙa hannu na jawo, na ɗebo, na zagayo da cokalin ta bayanta har bakinta. Ba ta ganin fuskata, ni ma ba na ganin tata.

Muka daɗe a haka. Hannuna har ya fara sagewa. Tana kallonsa, na sani, hannun da tandar waina ta toya har ya yi tabo, wanda ba ya kama da na kowa a gidan. Sai na ji ta ce, a hankali, tana fuskantar ƙofa:

"Auta ce?"

Ita da kanta ta sa aka kai wa Auta turaren jego shekaranjiya. Hankalinta garau yake. Na gane abin da take nema, na kuma gane in na ce a'a an gama.

"Na'am, Inna," na ce.

Ta buɗe baki ta karɓa.

Tun daga ranar haka muka riƙa yi. In shiga ba sallama, in bi ta bayan gado, in zaunar da ita a ƙirjina, ta ce "Auta", in ce "na'am". Ta ci faten, ta sha furar, ta sha romon. Da farko cin kawai take yi. Sannu a hankali sai bakin ya buɗe, ta fara yi mini irin maganar da take yi wa mai sunan.

"Auta uwar son jiki, yau wa ya tashe ki da wuri?"

Ta riƙa cinikin cokali da ni kamar a kasuwa. "Wannan ne na ƙarshe." In ce saura kaɗan. Ta ce, "Jiya ma haka kika ce, maƙaryaciya," ta mintsine ni a cinya da hannun hagun. Zaɓe ya matso a lokacin, motocin kamfe suna wucewa ta bakin hanya da lasifika, sai ta shaƙe murya ta kwaikwayi mai shelar, tana yi wa awakinmu alkawarin famfo da taki. Ta kwaikwayi tafiyar maƙwabciyarmu da kafaɗa ɗaya. Ta ba ni labarin wata saniyarsu mai taurin kai da ba ta yarda a tatse ta sai an yi mata waƙa, ta kuma rera waƙar da Fulatanci, muryar na karyewa. Wani lokaci dariya ta kama ni har kunun ya zube, ta ce, "Ga shi nan, an fara ɓarnar."

Ni duk zamana na ɗauka Inna mace ce mai shiru-shiru, marar fara'a. Haka nake gaya wa 'ya'yana. Ashe uwata ta fi kowa ban dariya a Tarai, kowa ya sani sai ni. Wani zai ce ai sai in gode wa Allah, na samu abin da nake nema. Na gode, amma kishin bai ragu ba, ƙaruwa ya yi. Da can ina kishin abin da nake hange daga bakin ƙofa ne, ban san girmansa ba. Yanzu na ɗanɗana, na san abin da Auta ke samu kullum tun tana goye, kyauta, ba ta daka ba, ba ta tankaɗe ba. Ni kuwa sai da uwata ta kusa mutuwa, sai da na ari sunan wata.

In ta gama ci sai in goge mata baki, in kwantar da ita tana fuskantar bango, in sulale in fita. Jim kaɗan in dawo ta ƙofa da sallama, a matsayin kaina, in kwashe kwanuka. Ta amsa a taƙaice, idonta a ƙasa: "Sannu da aiki." In ce, "Yauwa, ya jiki?" Ta ce, "Da sauƙi." Shi kenan hirarmu.

Sau ɗaya na gwada sa'ata. Tana cikin raha, ta shanye kwano guda har tana neman ƙari, sai na ce, "Inna, ta Rano fa tana can tana ta fama da hayaƙi tun asuba."

Na ji bayanta ya ɗan motsa a ƙirjina. Na riƙe numfashi ina jira, ko kalma ɗaya ce.

"Ke dai ba ni kunu," ta ce, "ki bar zancen mutane."

Jiki kuwa ya ci gaba da dawowa. Kumatunta suka ɗan ciko. Ta fara zama ita kaɗai na ɗan lokaci, ta fara dogara sanda zuwa bayan gida, wata rana har ta ce tana marmarin zogale. Hannun hagun ya daina rawa, na tabbata da ta so za ta iya riƙe cokali da kanta. Ba ta ce za ta riƙe ba, ni ma ban tuna mata ba.

Da aka gama kaka muka koma birni, ni da ita da Malam Ƙarami. Da ƙafarta ta hau sikelin. Ina gefe riƙe da takalmanta da fulas ɗin kunu. 'Yar gajeruwar ma'aikaciyar nan ta duba, ta sake dubawa, ta zagaya damtsen da tef ɗinta, sai ta tafa hannu.

"Kai, masha Allah! Mama, ai kin zama amarya. Wa ya yi wannan aikin?"

Inna ta gyara mayafi ta dubi ƙasa. "Auta ce."

Matar ta manta wace ce wace, mutane nawa take gani a rana. Ta juyo gare ni. "Ke ce Autar?"

Malam Ƙarami ya yi gyaran murya zai yi magana, na harare shi ya fasa. "A'a," na ce. "Tana gida, haihuwa ta yi."

"To ku gaishe ta da kyau. Ku ce mata ta iya."

Ranar suka sa wa Inna ƙarin ruwan, jikinta kuma ya ɗauka. Gaisuwar ma na isar da ita, don amana ce.

Auta ta yi arba'in ta zo da jaririnta wata safiya, ba ta aiko ba. Ina zaune bayan Inna da cokali a hannu, tana tsakiyar ba ni labarin yadda mahaifinmu ya taɓa gudun ɗan maraƙi har rawaninsa ya warware, sai muka ji sallama, asabari ya ɗagu. Auta ta tsaya da goyo a baya, baki buɗe, tana kallonmu.

Na ji bayan Inna ya sandare a ƙirjina. Labarin ya tsaya inda yake, ban kuma taɓa jin ƙarshensa ba. Cokalin yana daf da bakinta, ta rufe bakin.

"Auta, sai yau?" ta ce. "Zo ki karɓa. Kin tafi kin bar mutane da wahala."

Na zare jikina a hankali na sa mata matashi. Auta ta karɓi kwanon, ta zauna gabanta ido da ido, ta kwanto jaririn ta ɗora mata a cinya. Kafin in kai murhu har na jiyo dariyarsu.

Inna ta ƙara damina biyu a duniya, ta ga jikokin da ba a zaci za ta gani ba, kuma kusan duk abin da ta ci a tsawon lokacin daga tukunyata ya fito. Wannan muryar dai ban ƙara jinta ba sai ta bayan bango. Ni da Auta muna zumunci sosai yanzu, 'ya'yanta a gidana suke hutu, ita ma ba ta wata guda ba ta zo Rano ba. Amma in muna zaune ta gyara zama ta ce, "Yaya, kin san abin da Inna ta taɓa ce mini?", sai in tashi in ce bari in duba tukunya, ko da ban ɗora komai ba.